Yadda Ake Fitar da Sabon Irin Furen Impatiens a Bauchi

Masu sha'awar furanni da yawa suna haɗa shuka biyu na impatiens da fatan samun sabon launi, amma furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya yi kwanso ba, sai su ɗora laifin a kan zafin garinmu. Zafi na da nasa kaso, sai dai abin da ya fi kayar da su shi ne rashin sanin ranar da furen yake karɓar garin fure, wato ƙurar namijin fure da ke sa shi yin iri.

Da farko ka zaɓi iyaye daga jinsi guda. Wanda aka fi samu wajen masu sayar da furanni, waɗanda galibi daga Jos suke sarowa, shi ne Impatiens walleriana, ɗan asalin gabashin Afirka, wanda masanin furanni Claude Hope ya gyara a ƙasar Kosta Rika a shekarun 1960 har ya zama furen inuwa da duniya ta sani. Akwai kuma na tsibirin Niyu Gini mai manyan ganye, wanda masanan Amurka suka tattaro a 1970. Kada ka ɓata lokaci wajen haɗa waɗannan biyun, domin ba sa karɓar juna cikin sauƙi. Ni walleriana nake ba mafari shawara, kuma cikinsa ma wanda ya tsallake bazara ɗaya a gidanka, ko da launinsa bai kai na sabon da aka kawo ba, tunda juriyar zafi ita ce abin da muka fi buƙata a nan. Ka yi aikin a tukwane ƙarƙashin rumfa, tsakanin Yuli da Satumba, lokacin da iska ke da laima. A hunturu garin fure saurin bushewa yake yi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. A tsakiyar furen akwai wata ƴar hula mai ɗauke da farin gari, wadda ita ce ɓangaren namiji, kuma tana zaune ne a kan wani ɗan koren tsini wanda shi ne ɓangaren mace. Namijin ne ke fara nuna, macen kuwa sai bayan hular ta faɗi. Duk wanda ya shafa gari a ranar da furen ya buɗe, aikin banza ya yi. Abin da za ka yi shi ne ka nemi furen uwa da ya kusa buɗewa, ka buɗe shi a hankali, ka cire hular da matsefata kafin ta fara zubar da gari, ba tare da ka ƙwarzane tsinin ba. Ka rufe shi da ƙyallen tsohon gidan sauro saboda ƙudan zuma da malam buɗe littafi. Ba sai ka sayi wata jaka ta musamman ba, amma ka guji leda domin tana dafa furen. Daga nan kowace safiya ka duba kan tsinin da kyau. Muddin yana a tsuke, bai shirya ba. Bayan kwana biyu zuwa huɗu za ka ga bakinsa ya ɗan buɗe gida-gida yana sheƙi da danshi, to a wannan safiyar ce za ka tsinko sabon furen uba mai gari, ka goga hularsa a kan tsinin har ka ga fari ya manne. Ka maimaita washegari, ka mayar da ƙyallen, ka ɗaura zare mai launi, ka rubuta sunan uwa da uba da kwanan wata.

Idan ya kama, tsinin zai kumbura ya zama kwanso cikin kimanin wata guda. Kwanson da ya nuna fashewa yake yi da ɗan taɓi, ya watsar da irin, saboda haka ƙyallen ya zauna a ɗaure har ya fashe a ciki.

Ka yayyafa irin a saman ƙasa mai laushi da aka gauraya da yashi, kada ka binne shi domin sai da haske yake tsirowa, kuma cikin mako biyu za ka ga tsiro. Ƴaƴan za su fito iri-iri tunda iyayen ma haɗe-haɗe ne, don haka ka cire raunana ba tausayi, da duk wanda farar funfuna ta fito a bayan ganyensa, cutar da ta yi wa wannan fure mummunar ɓarna a Amurka wajen 2011. Wanda ya burge ka, kada ka dogara da irinsa, domin jikoki ba lallai su ɗauko kamanninsa ba. Ka yanki reshe mai tsawon yatsa ka sa a ruwa, zai yi saiwa cikin mako biyu, kuma kada ka raba wa kowa sai rassan sun tsallake zafin Maris da Afrilu da launinsu.