Yadda ake hira da tsohon soja ba tare da an fama masa miki ba

Kada ka soma da tambayar ko ya taɓa kashe mutum. Ita ce ke fara zuwa bakin samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi in sun ga dattijo da lambar yabo a ƙirji, ita ce kuma ke rufe hirar tun ba a buɗe ta ba. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin sojojin Ghana da aka kai Kwango a 1960, kuma abin da zan faɗa a nan a gefen tabarmarsa na koye shi.

Kafin ka zauna da tsohon soja, ka san wane yaƙi ya je. Mazan jiyan da suka yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun kusa ƙarewa; wanda ya rage yana neman shekara 100 ko ya haura. Waɗanda ke gidajenmu yanzu galibi 'yan aikin wanzar da zaman lafiya ne: Kwango, Labanon, Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma, daga 1990, da Ruwanda a 1994, inda sojojinmu suka tsaya a Kigali lokacin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta janye yawancin dakarunta ana tsakiyar kisan kiyashi. Kada sunan "zaman lafiya" ya ruɗe ka. A watan Afrilun 1961, a garin Port Francqui na Kwango, an kashe sojojin Ghana fiye da 40. Ba don ka burge shi da ilimi za ka karanta wannan ba. Amfaninsa shi ne, in ya ambaci sunan wani gari ya yi shiru, ka gane ko wurin tambaya ne ko wurin kama baki. In kana da hali, ka leƙa gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Kumasi, kai kaɗai tukuna. Kada ka ɗauke shi ka kai shi gaban bindigogi sai in shi ya nema.

Lokaci ma yana da nasa. Da hantsi, bayan ya sha koko da ƙosai, ya fi bayan isha'i nesa ba kusa ba, domin kai za ka tafi ka yi barcinka, shi kuwa ka bar shi da abin da ka tono har asuba. Ka fara tuntuɓar matarsa in tana raye. Ita ta san daren da yake firgita, ta san watan da ba a yi masa maganar. Kuma ku kasance ku biyu. Tsoho a gaban taron jikoki labarin jarumta zai bayar, wanda ya riga ya goge saboda yawan maimaitawa.

Sai ka shiga ta gefe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, amma wannan ba ƙarfe ba ne. Tambayoyin da suka yi mini aiki ƙanana ne: "Kawu, me kuke ci a can? Ana samun goro? Ina kuke sallar Juma'a? Wa ya raka ku ranar tafiya?" Wata rana na ce, "Kawu, wa ke rubuta muku wasiƙa zuwa gida?" Ya yi dariya ya ce, "Kai yaro, wani Bafrafre ne, ya fi mu boko, taba biyu muke biyansa." Daga wannan mutumin hira ta zarce zuwa sauran abokan tantinsu, da wanda ya iya girki, da wanda ke waƙa da dare. Can ya kai ga wanda bai dawo ba. Shi ya kai kansa wurin, ban ja shi ba.

In ya yi shiru, ka bar shirun. Mu 'yan zango ba mu iya zama ba magana, nan da nan sai mu cike gurbin da "Allah sarki" ko wata sabuwar tambaya. Ka zuba masa shayi, ka jira. In ya ce "a bar wannan", a bar shi, kada ka dawo da ita gobe ta wata ƙofa. In ya rikita shekara ko ya haɗa gari biyu, kada ka gyara masa da abin da ka gani a intanet. Za ka iya daidaita kwanan wata daga baya a takardarka.

Batun waya kuwa, sai da izininsa, kuma ka faɗa masa wa zai ji. Yardarsa ka ɗauki murya ba yarda ba ce ka tura a WhatsApp na dangi ko ka ɗora a TikTok. Takardar sallamarsa da hotuna da lambobin yabo, ka ɗauki hotonsu a gabansa ka mayar masa a hannu, domin da wasu daga ciki ake bin haƙƙinsa a ofishin tsofaffin sojoji na VAG.

Akwai ranar da zai iya faɗin abu mai nauyi, ya bi shi da "ko Allah zai yafe mana?" Kada ka zama mai fatawa, kada kuma ka ce "ai ya wuce". Ka ce, "Na ji, Kawu." Ka tambaye shi ko yana son a yi sadaka da addu'a ga abokan da suka rasu, ko a kira malamin da ya yarda da shi. Idan bayan hirar ya daina barci, ko ya ƙi abinci, ko ƙarar abin fashewar da yara ke wasa da shi a ƙarshen shekara ta fara razana shi fiye da da, ku dakatar da hirar ku gaya wa likitansa. Asibitin Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma tsoho ya fi yarda ya je in an ce masa maganin rashin barci za a nema.