In bireka ta ƙi tsayawa, ga yadda za ka yi

Ranar nan an kawo wuta a Tudun Wada kowa na murna, gidanmu kawai duhu, ka ɗaga bireka, wato makunnin nan da ke yanke wuta da kansa in an samu matsala a layi, ta sake faɗowa tas. Toh in hakan ta same ka, fara goge hannunka ya bushe sosai, ka sa silifas na roba, ka haska da tocila.

Sai ka tura birekar ƙasa gaba ɗaya zuwa OFF tukuna kafin ka ɗaga, don wasu in sun faɗi a tsakiya suke maƙalewa kuma ba sa kamawa sai an kai su ƙarshe.

Ta sake faɗuwa? Kashe duk makunnan ɗakunan da ke kan layin, zare komai daga soket, dutsen guga, hita, firij, injin ruwa, har cajar waya. Ɗaga kuma. In ta tsaya sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, wanda ka jona ta faɗi shi ne mai laifin, mu dai hitar ruwa ce wayarta ta narke daga ciki. Wani lokacin kuma lodi ne ya yi wa birekar yawa, sai ka ba ta ɗan mintuna ta huce.

Da damina leƙa soket ɗin waje, ruwan Agusta na shiga ciki.

Amma in babu komai a jone ta ci gaba da faɗuwa, ko ka ji ƙaurin roba ko ka ga baƙi a jikinta, bar ta a kashe ka kira mai wayarin. Don Allah kar ka ɗaure ta da waya, kar kuma a sa maka babbar bireka mai amp 32 a gurbin ƙarama mai 20, wayar bango ce za ta ɗau zafi.