Kurakuran da Masu Koyon Faransanci da Jamusanci Suke Yi Wajen Karatu

Kusan duk wanda ya zo mini da kuka a kan karatun Faransanci ko Jamusanci, maganarsa ɗaya ce: ya haddace kalmomi fiye da dubu, ya gama littafin nahawu, amma da ya ɗauki jarida sai kansa ya ɗaure. Na ji wannan har na gaji. Idan na ce ya karanta mini sakin layi ɗaya a gabana, kafin ya kai layi na uku na ga inda gizo ke saƙa, domin ni ma ta nan na bi, kuma na sha wuya.

Babban kuskure shi ne ɗaukar littafin da ya fi ƙarfinka, sannan ka ajiye ƙamus a gefe kana buɗe shi a kan kowace kalma. Lokacin da na fara Faransanci, wani ƙaton littafin labari na ɗauka, wai don in yi sauri. Wata bakwai na yi a kansa, ban wuce shafi 40 ba. Gefen kowane shafi ya yi baƙi ƙirin da fensir, ma'anar kalma a kan ma'anar kalma, amma da za ka tambaye ni wa ya auri wa a labarin, ba zan iya faɗa maka ba. Kafin in dawo daga ƙamus na manta farkon jimlar. Wani abin takaicin ma, akwai kalmomin da na yi ta nema ban samu ba, irin su fut da eut da fit. Ashe siffofi ne na être da avoir da faire a wani lokacin aikatau da ake kira passé simple, wanda ba a cika jin sa a hira ba amma littattafan labari cike suke da shi. Babu wanda ya gaya mini. Il vit kuwa, ko dai "yana raye" ko "ya gani", jimlar da ke kewaye da shi ce kaɗai za ta raba maka gardama.

Masu bincike sun auna wannan abu. Batia Laufer a 1989 ta nuna mai karatu na buƙatar sanin kusan kashi 95 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi daidai gwargwado, Marcella Hu da Paul Nation kuma a 2000 suka kai shi kashi 98 ga wanda zai karanta ba tare da taimako ba. Wato a shafi mai kalmomi 300, baƙi kada su wuce shida. Da wannan nake gwada kowane littafi yanzu: in buɗe tsakiya, in ƙirga baƙin kalmomi a shafi ɗaya, in sun wuce goma sha biyar in mayar da shi inda na ɗauko. Akwai littattafan da aka rubuta bisa matakai shida na iya harshe, A1 zuwa C2, na tsarin da Majalisar Turai ta fitar a 2001. Ɗauki na matakinka, ko ma na ƙasa da shi, kada girman kai ya hana ka. RFI na da Journal en français facile, DW kuma na da labarai da ake karantawa a hankali, Langsam gesprochene Nachrichten, duka biyun da rubutunsu. Ni ba na duba kalma a ƙamus sai ta tare mini hanya sau uku. Wasu malamai ba su yarda da ni a kan wannan ba, amma ita ce ta fisshe ni.

Kuskure na biyu na Jamusanci ne, kuma har yau in na tuna raina yana ɓaci. An aiko mini da saƙo game da jarrabawar baka da na yi rajista. Na karanta farkon jimlar, Wir sagen den Termin am Freitag, na san sagen shi ne "faɗa", na san Freitag Juma'a ce, sai na ce to, suna tabbatar mini da ranar Juma'a. Na rufe saƙon. A can ƙarshen jimlar, bayan dogon bayanin dalili, akwai wata 'yar kalma mai haruffa biyu, ab. Aikatau ɗin absagen ne, "sokewa". Sun soke Juma'a, jimla ta gaba kuma tana cewa an dawo da jarrabawar Laraba. Ranar Juma'a na je na tarar an yi an gama. Sai da na jira watanni, na sake biyan kuɗin rajista.

Saboda haka idan na ga ɗalibi ya karanta rabin jimlar Jamusanci ya ɗaga kai yana fassara, nan take nake tsayar da shi. Ina kake sauri? Bajamushe yakan raba aikatau gida biyu, ya jefa rabi a ƙarshe. Hören "ji" ne, aufhören "dainawa". Er hört mit der Arbeit auf ba ta da alaƙa da kunne, mutumin ya bar aiki ne. Bayan weil ko dass ko wenn, aikatau ɗin gaba ɗayansa can ƙarshe yake komawa, nicht mai kore magana ma sau da yawa a can yake laɓe. Ku daina wannan gaggawar, don Allah. Kai idonka har ɗigon aya tukuna, ka ga abin da ke wurin, sannan ka dawo farko. Ni da fensir nake ja wa aikatau layi, in ja wa wutsiyarsa layi, in haɗa su da lanƙwasasshen layi. Shekara guda na yi ina haka kafin idona ya saba yi da kansa.

Kusa da wannan akwai raina ƙananan kalmomi. Den Mann beißt der Hund: wanda bai kula da den (alamar wanda aka yi wa) da der (alamar wanda ya yi) ba zai ce mutum ne ya ciji kare, alhali karen ne ya yi cizon. A Faransanci kuma da mutum ya ga ne sai ya ce an kore magana, amma il n'a que deux frères na nufin 'yan'uwansa maza biyu ne kacal.

Haddace suna ba tare da jinsinsa ba shi ma asara ce, domin da jinsin za ka gane wa ake nufi da er ko sie ko es a jimla ta gaba. Kada kuma ka dogara da Hausa. Rana mace ce a Hausa, haka die Sonne, amma le soleil namiji ne. Wata namiji ne, haka der Mond, amma la lune mace ce. Yarinya kuwa, das Mädchen, Jamusanci bai sa ta a jinsin mace ba sam.

Wanda ya iya Turanci ya yi hattara da kalmomin da suka yi masa kama da na gida: Gift guba ce a Jamusanci, bekommen "samu" ne, librairie kantin sayar da littattafai ce. Doguwar kalmar Jamusanci kuma daga ƙarshe ake kwance ta, domin guntun ƙarshe ne ke ɗauke da ma'ana da jinsi: Haustürschlüssel makulli ne, na ƙofa, ta gida. Halb drei kuma ƙarfe biyu da rabi ne, ba uku da rabi ba, duk da cewa drei uku ne.

Sai masu manna rubutu a manhajar fassara tun kafin su gwada da kansu. Wannan ka karanta fassara ne, harshen bai shiga kanka ba. In ya zama dole, karanta sau biyu, rubuta abin da ka gane a layi uku da Hausa, sannan ka duba ka ga inda ka kauce.

Masu koyon harsunan biyu a lokaci ɗaya sukan tambaye ni ko su ajiye ɗaya. Ban ajiye ba, amma ban taɓa haɗa su a zama ɗaya ba. Faransanci da safe, Jamusanci da dare, kowanne da littafin rubutunsa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne in karanta labarin abu ɗaya da ya faru a duniya cikin harsunan biyu a rana ɗaya. Na safe yakan share wa na dare hanya, tunda na riga na san wa ya yi me, sai hankalina ya koma kan inda Bajamushen ya ajiye aikatau ɗinsa.