Kurakuran da ake yi da na'urar gano yoyon gas

Duk wanda ke Accra ranar 7 ga Oktoba 2017 bai manta da gobarar tashar gas ta Atomic Junction ba. Shi ya sa nake jin daɗi in na ga na'urar gano yoyon gas a gidan burodi a unguwar Nima ko a wurin cika tukunyar gas a unguwar Madina, duk a Accra. Abin da ke damuna shi ne inda ake kafa ta.

Mutane da yawa can sama suke manna ta, kusa da silin, don kada yara su taɓa. Alhali gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata, ya taru a rami. Kafin ya kai silin, ɗaki ya riga ya cika, kuma kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki ya ishe shi kamawa da wuta. A sauko da ita kamar santimita 30 daga daɓe, kusa da tukwane, nesa da taga da fanka. Ta gano metan, wani gas daban da na tukunyar girki, ita ce ake kai wa sama, domin shi tashi yake yi.

Sai gwaji da laita. A daina, don Allah. Gas ɗin laita ya fi ƙarfin abin da ke shinshinawa a ciki, yana iya lalata shi. Akwai ƙaramar tukunyar gwaji mai gas da aka auna, da ita ake yi. Feshin goge mota mai silikon ma yana kashe irin wannan na'ura, fitilarta na ci amma ba ta jin komai.

Masu yasar masai da rijiya su ne suka fi ba ni tsoro, saboda da hanci suke dogara. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in ta kai kashi 100 cikin miliyan tana kashe jin wari, sai mutum ya zaci ta wuce. A zura na'urar da ke auna wannan iska da kuma oksijin da igiya tukuna, a duba sama da tsakiya da ƙasan ramin. In iskar shaƙa, wato oksijin, ta gaza kashi 19.5 cikin 100, kada kowa ya sauka.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar na'ura, a riƙa dubawa. Wadda ke aiki da lantarki kuma a haɗa mata batir saboda ranar dumso, wato ɗaukewar wuta.