Yadda sabon fosdok zai ƙirga mahaɗan jijiyoyi a ƙwaƙwalwa mai lalacewa

Idan ka kammala digirin dokta ka samu gurbin fosdok, wato aikin bincike na shekara biyu ko uku, a ɗakin gwaje-gwajen da ke nazarin cutar Alzheimer, da wuya in ba ƙirgan sinafs za a fara ɗora maka ba. Sinafs ita ce mahaɗar da ƙwayar jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta saƙo. A 1990 Steven DeKosky da Stephen Scheff suka nuna cewa raguwar waɗannan mahaɗai tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsananin mantuwa, a 1991 kuma Robert Terry da abokan aikinsa suka nuna raguwar ta fi adadin curin amiloid, wato furotin da ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu cutar, bayyana halin da mara lafiya yake ciki. Tun daga nan kowa adadinsu yake nema. Samun adadin ba wuya, wanda zai tsaya a gaban masu tantance takarda ne ke da aiki.

Fara da sanin ƙanƙantar abin. Tsagar da ke tsakanin ɓangarorin sinafs biyu kusan nanomita 20 ce (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita), shi kuwa maikroskof na haske, har da konfokal ɗin da yawancinmu ke amfani da shi, ba ya iya rarrabe abu biyu da ratarsu ta gaza nanomita 200. Ta zurfi ma ya fi haka rauni. Ke nan ɗigon da ke ƙyalli a allonka hasken furotin ne kawai, sai ka kawo hujja kafin ka kira shi sinafs. Kada ka dogara da rini ɗaya. Rina furotin ɗin ɓangaren aikawa, synaptophysin ko Bassoon, da na ɓangaren karɓa, PSD-95 ko Homer1, gephyrin kuma idan mahaɗan da ke danne saƙo kake bi, sannan ka ƙirga inda launuka biyun suka haɗu kaɗai.

Daga nan ka yi ɗan gwajin da mutane ke ƙyuyar yi, alhali bai fi aikin minti goma a manhajar nazarin hotuna ta Fiji ba. Juya hoton launi ɗaya da digiri 90, ka bar ɗayan yadda yake, ka sake ƙirgawa. Abin da ya fito shi ne haɗuwar da cunkoson ɗigogi kawai ya haifar. In ya yi kusa da adadinka na farko, to tukuna ba ka ƙirga komai ba.

PSD-95 na da taurin kai. Naman da ya daɗe cikin paraformaldehyde, sinadarin adana nama, yakan ƙi barin antibodi, wato abin da ke kama furotin ɗin ya kai masa rini, ya isa gare shi, sai ka ga saman yankan ya cika da ɗigogi, kana nutsawa 'yan maikromita kaɗan wuri ya yi duhu. Wasu sukan ɗan jiƙa yankan da pepsin, sinadarin da ke narkar da furotin, kafin rini. Ko ma wace hanya ka bi, ɗauki dukan hotuna a zurfi ɗaya da ƙarfin leza ɗaya, kuma ka rina naman ɓeraye masu cutar da na masu lafiya rana ɗaya, da haɗin antibodi ɗaya. Idan tambayarka ta fi ƙarfin konfokal, akwai hanyar da Kristina Micheva da Stephen Smith suka fito da ita a 2007, ta yanka nama siriri kusan nanomita 70 a jere, da kuma ta kumbura naman cikin wani jel ya ninka girmansa sau huɗu da ɗoriya, wadda ɗakin Ed Boyden a MIT ya bayyana a 2015. Ni ta biyun nake fara ba sabon zuwa shawara, don ba ta bukatar sabuwar na'ura.

Batun ɓeraye kuwa, tun ran gini tun ran zane. Ɓeran 5xFAD, wanda aka sauya wa ƙwayoyin gado don ya kwaikwayi cutar, yana fara tara amiloid tun yana wata biyu, shi ya sa ake sonsa, amma sauye-sauyen gado biyar aka cusa masa, alhali masu Alzheimer ta gado 'yan ƙalilan ne cikin marasa lafiya. Ka san wannan iyakar kafin ka rubuta kalmar "cuta" a takarda. In aikinka na bukatar ɓeraye 'yan wata goma sha biyu, nemi izinin kwamitin kula da dabbobi ka fara haɗa su tun makonnin farko, domin babu dabarar da ke sa ɓera tsufa da wuri, kwangilarka kuwa tafiya take. Sa maza da mata duka, matan 5xFAD sun fi tara amiloid. Masu lafiyar da za ka kwatanta da su kuma su zama 'yan ciki ɗaya da masu cutar.

Inda na fi tsananta wa kowa shi ne lissafi. Ɗigo dubu hamsin daga ɓeraye uku, samfuri uku ke nan, ba dubu hamsin ba. Ka sa wani abokin aiki ya sauya sunayen fayilolin zuwa lambobi, ka tsayar da iyakar hasken da za a ɗauka a matsayin ɗigo, ka rubuta ta a littafin aikinka da kwanan wata, sannan a buɗe maka wane ne wane. Hannun da ya san hoton na ɓera mai cuta ne yakan matsar da iyakar ɗan kaɗan, ko da mai shi bai nufa ba. Auna kuma nisan kowane wuri daga curin amiloid, don asarar ta fi tsanani a kewayensa.

Tun da ɗakin Beth Stevens ya nuna a 2016 cewa furotin C1q na yi wa mahaɗai alama ƙwayoyin maikrogiliya, masu share dattin ƙwaƙwalwa, su cinye su, kowa na neman ɗigon PSD-95 a cikin waɗannan ƙwayoyi. Yi hattara da lipofuscin. Wani datti ne da ke taruwa a ƙwayoyin tsohuwar ƙwaƙwalwa, yana ƙyalli da kansa a kusan kowane launi, kuma a daidai jakunkunan narkewar da kake leƙawa yake zama. Ajiye yanka ɗaya da ba a sa masa antibodi ba ka duba shi. In yana ƙyalli, dusashe shi da Sudan Black. A naman mutum da ka karɓo daga ma'ajiyar ƙwaƙwalwa abin ya fi yawa, kuma a nan dole ka tambayi sa'o'in da suka wuce tsakanin rasuwa da adana naman, ka daidaita su tsakanin rukunan biyu.

Hoto ba ya gaya maka ko mahaɗar na aiki. Nemi mai hannu a patch clamp, dabarar auna lantarkin ƙwayar jijiya ɗaya, ku sa tetrodotoxin, dafin da ke tsayar da manyan saƙonnin jijiya, ku saurari ƙananan saƙonnin da ke fita da kansu: raguwar yawansu takan nuna ƙarancin mahaɗai ko raunin ɓangaren aikawa, raguwar girmansu kuma takan nuna matsala a ɓangaren karɓa.

Tun a shekarar farko ka zauna da shugaban ɗakin ku yanke wane sashen aikin za ka tafi da shi ranar da za ka buɗe naka, a kuma rubuta. In kana Amurka kana hangen tallafin K99 na NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar, wanda ke taimaka wa fosdok ya kai ga buɗe nasa ɗakin, a ƙa'ida ba a karɓar wanda ya wuce shekara huɗu yana fosdok, don haka ka lissafa watannin tsufan ɓerayenka daga wannan wa'adin zuwa baya.