Yadda Za Ka Ga Aikin Ƙwaƙwalwar Tsuntsu a Tsakar Gidanka

Duk mai kiwon agwagi da kaji da tantabaru yana da abin da ake buƙata domin ya ga yadda ƙwaƙwalwar tsuntsu take sarrafa saƙon taɓi da na gani, ba tare da ya cutar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne da sassafe, kafin a ba su abinci.

Ka fara da agwagwa. Ka sami tasa mai faɗi, ka zuba ruwa, ka dama laka a ciki har gindin tasar ya daina ganuwa, sannan ka watsa jiƙaƙƙiyar dawa tare da tsakuwa mai girman ƙwayar dawar. Ka ajiye, ka koma gefe ka tsuguna. Za ta tsoma baki tana caɓal-caɓal da sauri, ruwa yana fita ta gefen bakin, alhali idanunta ba su ganin komai a cikin lakar. Idan ta gama, ka tsiyaye ruwan ka duba saura, galibi za ka tarar tsakuwa ce ta fi yawa. Kada ka damu idan ta haɗiye kaɗan, domin ƙundu yana buƙatar tsakuwa wajen niƙa abinci.

Abin da ya yi wannan tantancewa ƙananan ƙwayoyin jin taɓi ne da suke cunkushe a fatar bakin, musamman a tsininsa da gefensa. Iri biyu ne, kuma suna ɗauke da sunayen masanan da suka fara bayanin su, Herbst da Grandry. Na farko suna jin girgiza mai sauri, na biyu kuma suna jin motsin abin da ya gogi fatar. Babbar jijiyar fuska tana kai saƙon zuwa wata cibiya a tushen ƙwaƙwalwa, daga nan ya zarce kai tsaye zuwa sashen gaba. A wurin mutum sai irin wannan saƙo ya yada zango a cibiyar da ake kira talamus, amma na bakin tsuntsu ba ya bi ta can. Wannan bambanci shi ne abin da ya fi cancantar a riƙe.

Kaza kuwa ido ta fi dogara da shi. Ka watsa mata gero a cikin tsakuwa, sannan ka lura da yadda take karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya idan inuwar shirwa ta gifta. Kusan dukkan jijiyoyin idon dama suna tsallakawa zuwa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, na idon hagu kuma zuwa dama. Binciken Lesley Rogers a Ostareliya ya nuna cewa 'yan tsaki sun fi iya bambance tsaba da tsakuwa da idon dama.

Ita tantabara, ka ɗauki bidiyonta da waya tana tafiya, ka kalla a hankali. Kan nata yana tsayawa cak a wuri ɗaya yayin da jiki yake matsowa, sannan ta cilla shi gaba, domin hoton da ido yake ɗauka ya zauna daram. A 1978 Barrie Frost na Kanada ya ɗora tantabaru a kan bel mai motsi, suna tafiya amma abin da ke kewaye da su bai gusa ba, sai suka daina cilla kan.