Shawara ga masu buga ƙwallon kwando kan targaɗe da ciwon agara

'Yan uwa, raunin da ya fi addabar 'yan ƙwallon kwando shi ne targaɗen idon sawu, wanda galibi yakan auku idan ɗan wasa ya yi tsalle ya dira a kan ƙafar wani. Ku riƙa tsayuwa da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 kullum, idanunku a rufe, domin hakan yana ƙarfafa gaɓar, kuma wanda ya taɓa targaɗewa ya ɗaure wurin kafin wasa.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawar komawa fili. A 2019 Kevin Durant, shahararren ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya dawo bayan jinyar sha-raɓa, kuma a wasansa na farko agararsa ta tsinke. Idan wuri yana kumbura ko zogi, a sa ƙanƙara, a jira izinin likita.